Tufafin Makaranta da Muryar Masu Sa Su: Tsokaci a kan Tsari da Manhaja a Kudancin Jihar Kaduna

1.0 Gabatarwa

Babu wani abu na makaranta da ɗalibi yake tare da shi tsawon yini kamar tufafin da ke jikinsa. Littafi ana buɗe shi a rufe, darasi yana farawa ya ƙare, amma rigar makaranta, wadda aka fi sani da yunifom, da ita yaro yake fita gida, da ita yake ratsa kasuwa, da ita kuma jama'ar gari suke gane shi. Duk da haka, a mafi yawan makarantun gwamnati na ƙasar nan, ma'aikatar ilimi ko shugabannin makaranta su ne ke yanke launinta da yadinta da ɗinkinta. Ɗalibin da zai sa ta da uban da zai biya da uwar da za ta wanke da malamin da zai tsaya a bakin ƙofa yana dubawa, dukkansu sai dai su ji sanarwa.

Wannan maƙala tsokaci ce a kan wannan tsari. Mun zaɓi yankin Gidan Waya da Kafanchan, a Ƙaramar Hukumar Jama'a, domin wuri ne da kuskure a sha'anin makaranta yake da tsada. Za mu dubi yadda ake tsara tufafin, mu kwatanta da abin da ya faru a wasu jihohi da ƙasashe, sannan mu dawo gida ga manhajar Hausa, wadda muke ganin tana da nata laifin, tana kuma da nata maganin.

2.0 Yanayin Yankin da Ake Magana a Kansa

Kudancin Kaduna gida ne ga al'ummomi da dama, kamar Bajju da Atyap da Ham da Agworok da Fantswam da Gwong da Nikyob da Ninzo, tare da Hausawa da Fulani na masarautar Jama'a, da kuma waɗanda aikin jirgin ƙasa ya kawo Kafanchan tun da ta zama mahaɗar layin dogo a ƙarshen shekarun 1920. Hausa ita ce harshen da ya haɗa mafi yawansu a kasuwa da tasha da coci da masallaci. Yawancin tsofaffin makarantun yankin mishan ne suka kafa su, a wurare irin su Kwoi da Kagoro, kafin gwamnati ta karɓe su a farkon shekarun 1970. Saboda haka aji guda yana iya ɗauke da 'ya'yan ƙabilu biyar da mabiya addinai biyu, a cikin ginin da wani ɓangare na jama'a yake yi wa kallon gadon iyayensa.

A Gidan Waya ne Kwalejin Ilimi ta Jihar Kaduna take, wadda asalinta ya faro a Kafanchan a shekarar 1977. A harabar wannan kwaleji, lokacin tana Kafanchan, aka sami saɓani tsakanin ɗalibai a kan wa'azi a watan Maris na 1987, wanda cikin 'yan kwanaki ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Ba tufafi ne suka jawo wannan fitina ba. Mun kawo ta ne domin ta nuna cewa abin da ya faro a farfajiyar makaranta a wannan yanki ba lallai ne ya tsaya a can ba.

Akwai kuma yanayin ƙasa. Damina a nan tana da tsawo, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, ƙasar ja ce mai kama tufa, sannan hunturu yana da kaifi a gindin duwatsun Kagoro. Rigar da ta dace da Birnin Gwari ko Ikara ba lallai ne ta dace da Godogodo ba.

3.0 Tambayoyi Uku da Ake Cakuɗawa

Maganar tufafin makaranta tana ƙunshe da tambayoyi uku: wa zai biya, wa zai ɗinka, wa kuma zai zaɓa. Babban rauni da muka lura da shi a tsarin hukumomi shi ne, da zarar an amsa biyun farko sai a ɗauka an amsa ta ukun.

Tambaya ta farko tana da nauyi ƙwarai. Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta wajabta karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta, amma kuɗin tufafi a wurare da yawa ya ci gaba da zama a wuyan iyaye. Wani bincike da Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer suka gudanar a makarantun firamare 328 na yammacin Kenya, wanda aka buga a 2015, ya nuna cewa ba ɗalibai tufafin makaranta kyauta ya rage barin karatu, ya kuma rage ɗaukar ciki a ƙuruciya tsakanin 'yan mata. Ke nan, riga ɗaya tana iya zama katanga tsakanin yarinya da aji.

Ta wannan fuska, shirin da Gwamnatin Jihar Kaduna ta ɓullo da shi a zamanin Gwamna Nasir El-Rufa'i, tsakanin 2015 da 2016, na raba wa ɗaliban sakandare na gwamnati tufafi kyauta, abin a yaba ne. Ya sauƙaƙa wa iyaye, ya kuma amsa tambaya ta biyu da kyau ta hanyar ba telolin cikin jiha aikin ɗinki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a jihar da masaƙunta suka durƙushe, domin Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe tun 2002.

Sai dai kowane shiri da ya game jiha baki ɗaya yana da ɗabi'ar da ke tattare da shi. Sayen yadi mai yawa a lokaci guda yana buƙatar a taƙaita launi da samfuri, kuma yanke shawara yana komawa inda kuɗin yake, wato hedikwata. Haka nan, kyauta tana rufe bakin mai karɓa. Uban da ya biya da kuɗinsa yana iya cewa yadin ba shi da ƙwari, amma wanda aka ba kyauta kunya za ta hana shi. Tambaya ta uku tana nan ba a taɓa ta ba, ko gwamnati ce ta biya ko iyaye.

4.0 Darasi daga Wasu Wurare

4.1 Jihar Osun

Gwamnatin Rauf Aregbesola ta haɗe tufafin makarantun gwamnati na Jihar Osun, ta yadda kowane mataki na karatu yake da samfuri guda a duk faɗin jihar, aka kuma kafa kamfanin ɗinki a Osogbo domin aikin. Niyyar ita ce daidaito da sauƙin farashi. Amma jama'a sun yi ta ƙorafi cewa makarantu sun rasa alamarsu, kuma idan ɗalibai suka yi rashin ɗa'a a gari ba a iya gane daga inda suka fito. Haɗe makarantu da aka yi a 2013 ya ƙara dagula lamarin, domin ya kai 'yan mata masu hijabi makarantun da mishan suka kafa. A watan Yuni na 2016 Babbar Kotun jihar ta tabbatar musu da 'yancin sa hijabi, sai wasu ɗalibai Kirista a garin Iwo suka fara zuwa makaranta da rigunan coci. A 2020 gwamnatin Gboyega Oyetola ta soke tsarin, kowace makaranta ta koma tufafinta na da.

4.2 Legas da Kwara

A Legas, Babbar Kotu ta goyi bayan hana hijabi a makarantun gwamnati a 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin a 2016, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da rushewar a watan Yuni na 2022. Ɗaliban da aka fara shari'ar dominsu sun daɗe da gama sakandare kafin a kai ƙarshenta. A Kwara, gwamnati ta rufe makarantu goma na Ilori a watan Fabrairu na 2021 saboda wannan taƙaddama, sannan a Fabrairu na 2022 aka yi arangama a wata makaranta a Ijagbo har aka rasa rai.

Abin lura a nan shi ne, a dukkan waɗannan wurare an zauna da iyaye da shugabannin addini, amma bayan wuta ta kama. Zaman da ya kamata ya zama na tsarawa ya koma na sulhu.

4.3 Misalin Ingila

A garin Luton na Ingila akwai makarantar Denbigh, wadda mafi yawan ɗalibanta Musulmi ne. A 1993 makarantar ta kafa kwamiti da ya tuntuɓi ɗalibai da iyaye da malamai da limaman masallatan unguwa, aka amince da doguwar taguwa da wando irin na mutanen Pakistan a matsayin ɗaya daga cikin zaɓin 'yan mata, tare da izinin rufe kai. 'Yan matan Hindu da Sikh ma suna sa wannan sutura, don haka ba ta zama tambarin addini guda ba. Da wata ɗaliba ta kai ƙara tana neman sa jilbabi, kotun ƙoli ta ƙasar a lokacin, wato Majalisar Dattawa, ta ba makarantar gaskiya a 2006, kuma tuntuɓar da aka yi tun farko tana cikin hujjojin da alƙalai suka jingina da su. Ba muna cewa a ɗauko wancan hukunci a ɗora a kan Nijeriya ba, domin dokokinmu daban ne. Abin da muke nunawa shi ne, shawarar da aka yi cikin kwanciyar hankali ta zama garkuwa ga makaranta bayan shekara goma sha uku. A 2021 kuma Ingila ta yi doka a kan tsadar tufafin makaranta, aka fitar da ƙa'idojin da suka umurci makarantu su ji ta bakin iyaye da ɗalibai, su rage kayan da ke ɗauke da tambari na musamman, su kuma samar da hanyar sayen na hannu.

5.0 Abin da Kowane Ɓangare Ya Sani

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Dalilin tuntuɓa ya wuce girmamawa. Akwai ilimin da ba ya kaiwa ofis sai an je an ɗauko shi.

Ɗalibai sun san abin da jiki yake ji. Su suka san yadin roba yana ƙona fata a watan Maris, guntun wando ba ya tare sanyin Janairu, matsattsen siket kuma yana hana hawa keke da tsallake rafi. 'Yan matan da suka fara al'ada sun san fargabar da farin siket ko mai haske yake jefa su ciki, har wasu su gwammace zaman gida a waɗannan kwanaki. Wannan magana ba za ta fito a taron da maza manya suka cika ba. Haka ɗalibi mai naƙasa ya san wahalar maɓalli da zif fiye da kowa.

Iyaye sun san lissafi. Gidan da yaro yake da riga ɗaya, farin yadi yana nufin wanki kullum da sabulu kullum, kuma rigar da aka wanke da dare a watan Agusta ba ta bushewa kafin safiya. Sun san lokacin da kuɗi ke shigowa hannun manomin citta ko masara, wanda bai cika dacewa da farkon zangon karatu ba. Sun san ko yadin yana samuwa a kasuwar Kafanchan ko sai an je Jos ko Kaduna. Inda aka ce sai a makaranta kaɗai za a sayi tufafi, su suka san bambancin farashin.

Malamai sun san abin da doka take haifarwa a aikace. Duk ƙa'idar da ba ta fito fili ba, kamar tsawon hijabi ko launin suwaita ko irin takalmi, malamin da ke bakin ƙofa shi zai fassara ta, shi kuma za a zarga da son kai. Awannin da ake ɓatawa ana korar yara saboda safa ko bel, daga lokacin darasi ake cire su.

6.0 Hujjojin Masu Suka

Akwai masu ganin tuntuɓa ɓata lokaci ce, wasu kuma na cewa yara za su zaɓi ado ne kawai. Amsar ta farko ita ce a kwatanta zangon karatu guda na shawara da shekarun shari'ar Legas. Ta biyu kuwa, ba a ce a miƙa wa yara hukunci ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 a kan haƙƙin yara, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta tanadi a saurari yaro a kan abin da ya shafe shi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Sauraro daban, hukunci daban.

Suka ta uku ita ce mafi ƙarfi, kuma ta fi shafar yankinmu. Idan aka mayar da lamarin ƙuri'a, masu rinjaye za su danne marasa rinjaye. A wata makarantar Musulmi ne ƙalilan, a wata kuma Kirista ne. Don haka wajibi ne a rarrabe tsakanin haƙƙi da zaɓi. Abin da sashe na 38 da na 42 na Tsarin Mulkin 1999 suka kare, wato 'yancin addini da hana wariya, ba a kaɗa ƙuri'a a kansa. Ba a jefa ƙuri'a don a cire wa yarinya hijabinta, haka ba a jefa ta don a ɗora wa wadda addininta bai umurce ta ba. Abin da ya rage, wato launi da yadi da ɗinki da farashi da wurin saye, shi ne fagen shawara. Muna ganin ƙa'idar da ta fi dacewa ita ce yadi ɗaya da launi ɗaya, da ɗinki biyu ko uku da kowa yake da ikon zaɓa. Raba ɗalibai gida biyu, kowane addini da launinsa, zai rushe ainihin dalilin sa tufafi iri ɗaya.

7.0 Laifin Manhajar Hausa da Damarta

Tufafi suna daga cikin batutuwan al'ada a darasin Hausa na sakandare, tare da sana'o'in da suka jiɓince su, kamar saƙa da rini da ɗinki da dukanci. Amma yadda aka saba koyar da batun bai wuce jeri ba: babbar riga da 'yar shara da kaftani da rawani na maza, zane da kallabi da gyale na mata. Ɗalibi ya haddace, ya zuba a takardar jarrabawa, ya manta. Wannan salo yana da illa biyu a kudancin Kaduna. Ta farko, yana nuna wa ɗan Bajju ko ɗan Ham cewa darasin Hausa labarin wasu mutane ne na nesa, alhali da harshen yake ciniki da wasa da ibada. Ta biyu, yana raba harshe da aiki, sai a koyar da insha'i da wasiƙa da muhawara a kan batutuwan da ba su taɓa rayuwar yaro ba.

Batun tufafin makaranta yana iya ɗinke wannan ɓaraka, domin ya ƙunshi kusan dukkan ƙwarewar da manhaja take nema. Ga misalin yadda za a iya shimfiɗa shi a mako huɗu:

(a) Mako na farko, kalmomi. Ɗalibai su tattaro sunayen tufafi da launuka a Hausa da Jju da Tyap da Hyam da sauran harsunan ajin. Malami ya shigo da darasin aro: alkyabba da jallabiya da hijabi daga Larabci, jamfa da singileti da siket da tela da yadi daga Ingilishi. A nan ne kuma za a ambaci gumakan Nok, waɗanda kitso da duwatsun ado da ke jikinsu suka shaida cewa mutanen wannan yanki sun san kwalliya fiye da shekara dubu biyu da suka wuce.

(b) Mako na biyu, sauraro da magana. Kowane rukuni ya tsara tambayoyi, ya yi hira da iyaye da tela da mai sayar da yadi, ya koyi gaisuwa da ladabin tambayar manya.

(c) Mako na uku, muhawara da lissafi. A kwatanta yadi biyu ko uku ta fuskar farashi da ƙwari da saurin bushewa. A ba 'yan mata zama na daban tare da malama.

(d) Mako na huɗu, rubutu. Ajin ya rubuta rahoto da wasiƙar hukuma zuwa ga kwamitin makaranta.

Sharaɗi guda shi ne wasiƙar ta isa, a kuma ba ta amsa a rubuce. In ba haka ba, abin da yara za su koya shi ne cewa shawara wasan kwaikwayo ce.

8.0 Shawarwari

Ba a buƙatar kafa sabuwar hukuma. Tun tsakiyar shekarun 2000 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince da kafa kwamitocin gudanar da makarantu na al'umma, waɗanda suka haɗa da wakilan ɗalibai da iyaye da malamai da mata da sarakuna da shugabannin addini. Bisa wannan muke ba da shawara kamar haka:

1. Ma'aikatar ilimi ta tsaya ga shimfiɗa iyakoki, wato haƙƙoƙin da ba a taɓawa da iyakar farashi, ta bar sauran ga kwamitin kowace makaranta.

2. Kada a sauya tufafi sai an nuna shaidar tuntuɓar ɓangarorin uku a rubuce, kuma a yi taron cikin Hausa da harshen garin, domin Ingilishi yana rufe bakin iyaye mata da yawa.

3. A gwada samfuri a jikin ɗalibai kaɗan, a damina da hunturu, kafin a yanke. A kuma ba da wa'adin shekara guda da tsoho da sabo za su tafi tare.

4. A zaɓi yadin da ake samu a kasuwar kusa, wanda kowane tela zai iya ɗinkawa.

5. Masu tsara manhaja su sake fasalin batun tufafi daga jeri zuwa aikin bincike, Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya kuma ta jarraba shi ta hannun ɗalibanta masu gwajin koyarwa.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa biyan kuɗin tufafi da ɗinka su ba su wadatar ba, muddin ba a tambayi masu sa su ba. Misalan Osun da Legas da Kwara sun nuna tsadar jinkirta shawara, na Luton kuma ya nuna amfanin gabatar da ita. Mun kuma ga cewa malamin Hausa yana da rawar takawa, domin harshensa ne ya haɗa ɗalibi da uwa da tela da shugaban makaranta a wannan yanki. Magabata sun ce shawara ɗaukar ɗaki ce. Jinkar ɗakin makaranta a Gidan Waya ta fi ƙarfin hannun ma'aikata ita kaɗai, kuma waɗanda za su kama mata suna nan cikin aji, sanye da rigar da ba a tambaye su a kanta ba.